Sikanin Gaɓoɓin Yatsu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Amosanin Hannu

A Kano in aka ce a je a yi sikanin, hankalin kowa kan mai juna biyu yake tafiya, ko mai ciwon ciki. Shi ya sa mutane kan yi turus idan likita ya ce hannu za a ɗauka. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu ciwon gaɓoɓin yatsu da 'ya'yan da ke rako su asibiti.

Wane irin ciwo ne wannan amosanin hannun?

Duk gaɓar yatsa ƙasusuwa biyu ne suka haɗa kai, kan kowanne a lulluɓe da guringuntsi mai santsi, irin farin nan da ake gurgura a kan ƙashin kaza. Gaɓar tana cikin wata 'yar jaka, bangon jakar ta ciki kuma shimfiɗe yake da siririn tantani mai tsattsafo da ruwa mai yauƙi, don ƙashi ya zame kan ɗan'uwansa ba gogayya. A wannan amosanin, wanda likitoci ke taƙaitawa da OA a katin asibiti, guringuntsin ne ke sirancewa a hankali, shi kuma ƙashin bakin gaɓar ya riƙa tsiro da ƙullutu. Shi ne ake gani ya yi tudu a yatsun iyayenmu mata, wani yatsan har ya karkace.

Wuri uku ya fi so: gaɓar ƙarshe da ke kusa da farce, gaɓar tsakiyar yatsa, da gindin babban yatsa wajen wuyan hannu. Ƙullutun da ke fitowa kusa da farce ana kiran sa da sunan Heberden, wani likitan Ingila da bayaninsa a kai ya fito a 1802. Ya fi kama mata, musamman daga wajen shekara 50 bayan ɗaukewar al'ada, yana kuma bin dangi. Gaɓar da ta taɓa karyewa ko gocewa ita ma takan kamu daga baya.

Mai ciwon ba da sunan gaɓa take zuwa ba. Cewa za ta yi ta kasa matse wanki, ko murfin jarka ya gagare ta, ko ɗinkin hular da take gamawa a da cikin sauƙi yanzu allurar ma zamewa take yi daga tsakanin yatsunta.

An ce mana tsufa ne kawai da zaizayewa. To ta ina kumburi ya shigo?

Haka aka daɗe ana koyarwa, kuma sikanin na cikin abubuwan da suka gyara wannan fahimta. Idan guringuntsi yana marmashewa, ɓurɓushinsa na harzuƙa tantanin nan na cikin jaka. Sai ya yi kauri, ya zubo da ruwa fiye da kima, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikinsa. Wannan shi ne kumburin da ake nufi, kuma sau da yawa ƙarami ne, ido ba ya ganin sa, yatsan likita ma ba lallai ya ji shi ba, don ƙullutun ƙashi ya riga ya sauya siffar gaɓar.

Tasowa yake ya lafa. Shi ya sa Hajiya za ta yi watanni lafiya ƙalau, sannan yatsa ɗaya ya tashi da zogi da ɗumi na 'yan makonni. Masu bincike a Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, waɗanda suka daɗe a kan amosanin hannu, sun nuna cewa gaɓar da sikanin ya ga kumburi a cikinta ta fi saurin zama mai ciwo, kuma ita ce ta fi lalacewa idan aka sake ɗaukar hoton ƙashi bayan 'yan shekaru. Akwai ma wani nau'i mai tsanani da ke cinye tsakiyar ƙashin gaɓa, kumburi ya fi yawa a cikinsa, ya fi kuma nakasa hannu.

Yaya na'urar ke ganin cikin yatsa ba a tsaga ba?

Da sauti. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa guda, shi kuwa kan na'urar da ake ɗorawa a yatsa yana aika sauti mai kaɗawa miliyan 10 zuwa 18, wani ma fiye. Sautin ya shiga nama, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo, kwamfuta ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Ƙashi yakan fito farin layi tar, ruwa ya fito baƙi, tantanin da ya yi kauri kuma ya fito duhu-duhu yana tura jakar gaɓar sama.

Akwai wata dabara mai kyau a nan. Idan mai ɗaukar hoton ya ga duhu a cikin gaɓa, sai ya ɗan danna kan na'urar. In ruwa ne, zai gudu gefe. In naman tantani ne, yana nan daram.

Bayan nan sai a kunna Dofla, wadda ta samo suna daga Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya da ya bayyana ƙa'idarta a 1842. Ita motsin jini take kamawa. Gaɓar yatsa mai lafiya shiru take a Dofla. Wadda kumburinta ke ci kuwa, sai ka ga ɗigo-ɗigon ja ko ruwan goro suna ƙyaftawa a cikin duhun nan, daidai da bugun zuciyar mai hannun. Yawanci kaurin tantani da ƙarfin Dofla kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3.

Iyakar sikanin ɗaya ce babba: sauti ba ya ratsa ƙashi. Abin da ke ɓoye bayan babban ƙullutu, ko a cikin ɓargo, ba ya gani.

Ai an yi mini hoton ƙashi. Me kuma ya rage?

Hoton ƙashi, wato eksire, ƙashi yake gani da kyau. Zai nuna tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta tsuke, alamar guringuntsi ya ragu, ya nuna ƙullutu da inda ƙashi ya cinye. Amma tantani da ruwa da jini duk inuwa ce a wurinsa. Eksire labarin ɓarnar da aka riga aka yi cikin shekaru yake bayarwa, shi kuma sikanin yana faɗin abin da ke gudana a wannan makon. Abin mamaki, ko ƙananan ƙullutun ƙashi sikanin ya fi eksire kamawa, don ana iya zagaya yatsa da shi ta ko'ina.

MRI, wato hoton da ake ɗauka da babbar na'ura mai maganaɗisu, yana ganin duka har cikin ɓargo, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma da wuya amosanin yatsu ya kai ga buƙatarsa.

Kenan duk mai ciwon yatsu sai ya yi sikanin?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe. Mace 'yar shekara 60 mai ƙullutu a gaɓoɓin kusa da farce, wadda yatsunta ke ƙagewa na 'yan mintuna da safe su saki, kuma mahaifiyarta ma haka nata suke, likita zai gane ciwonta da tambaya da taɓawa. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar a 1990 don tantance amosanin hannu ba su nemi hoto ko ɗaya ba, ita ma takwararta ta Turai, EULAR, ta ce a 2017 ba sai an yi hoto ba idan alamomin sun fito a yadda aka saba.

Sikanin yana biyan kuɗinsa ne idan akwai tambayar da likita ya kasa amsawa da hannunsa. Misali ciwon ya zo wa mai ƙarancin shekaru, ko ya kama gaɓoɓin da amosanin tsufa bai saba kamawa ba, ko ya rikice cikin ɗan lokaci, ko ana shakka tsakanin gaɓa ce ke ciwo ko jijiyar da ta bi ta kanta. Haka kuma in za a yi allura cikin gaɓa ana so a ga inda bakin allurar ya nufa. Wanda ya tashi da kansa ya je ya biya aka ɗauka ba likitan da ya nema, yawanci takarda kawai yake komawa da ita gida da ƙarin fargaba.

'Yar'uwata an ce rumatoyid gare ta. Ta yaya zan san nawa ba shi ba ne?

Wannan bambanci ya fi komai muhimmanci, domin rumatoyid garkuwar jiki ce ke afka wa tantanin gaɓoɓi, kuma idan aka makara wajen fara maganinsa yana lalata hannu cikin 'yan shekaru. Yakan fara da wuri, har a 'yan shekara 30 ko 40. Wuyan hannu yake so da gaɓoɓin gindin yatsu, waɗannan da ke yin tudu idan an dunƙule hannu, kuma hagu da dama tare. Ƙagewar safiya tana kai awa guda ko fiye, alhali ta amosanin tsufa ba ta cika wuce minti 30 ba. Gaɓar kusa da farce kuwa rumatoyid ba ya cika taɓa ta.

A sikanin, rumatoyid yakan nuna tantani mai kauri sosai da Dofla mai ƙarfi a waɗancan wuraren, da kumburin rigar jijiyoyi, da 'yan ramuka a gefen ƙashi, wani lokaci tun eksire bai ga komai ba. Amma kumburi kumburi ne a fuskar na'ura, ba ya zuwa da suna a goshi. Inda ya fito da abin da ke tare da shi su ne ke ba da haske, sannan a haɗa da gwajin jini irin su RF da anti-CCP da ESR.

Akwai kuma gawut, wanda gishirin yurik asid ke taruwa a gaɓa. Shi sikanin yana kama shi da wata alama tasa, farin layi na biyu a saman guringuntsi. Yakan ma zauna a kan ƙullutun amosani a tsofaffi, musamman masu ciwon ƙoda ko masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari.

Gidajen sikanin sun cika gari. Zan iya shiga kowanne?

Ba kowanne ba. Kan na'urar da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, sautinsa kaɗawa miliyan 2 zuwa 5, an yi shi don ya nutsa can cikin ciki. In aka ɗora shi a yatsa, hazo kawai za a gani. Gaɓar yatsa tana son kai miƙaƙƙe mai saurin kaɗawa, wani ma ɗan ƙarami ne da aka ƙera musamman don yatsu. Dofla ɗin na'urar kuma sai ta zama mai kama jini mai tafiyar hawainiya.

Ko an sami na'urar, saura mai riƙe ta. Sikanin ya dogara da hannun mai yi fiye da yawancin hotunan asibiti. Karkata kan na'urar kaɗan na iya sa lafiyayyar jijiya ta fito baƙa kamar mai ciwo, dannawa da ƙarfi kuma na iya kore ruwa da toshe ƙananan hanyoyin jini har kumburin ya ɓace daga hoton. Wanda ya ƙware a awon ciki ba lallai ya ƙware a gaɓoɓi ba, kuma ba aibu ba ne, fanni ne daban.

Kafin ka biya, tambayi abu biyu: kuna da kan na'ura na gaɓoɓi, kuma akwai wanda ya saba ɗaukar su? Ya fi sauƙi a fara daga likita a bar shi ya faɗi inda za a je. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suna da sashen hoto da likitocin da ciwon gaɓoɓi aikinsu ne na kullum. Likitocin da suka keɓanta da amosani da rumatoyid ba su da yawa a Najeriya baki ɗaya, don haka in an ba ka rana mai nisa, karɓi ka riƙe.

Sai na cika mara da ruwa? In ina azumi fa? Ga lalle a hannuna.

Ba shan ruwa, ba hana cin abinci, ba abin da ake sa wa cikin jiki. Lalle ba ya tare sauti. Zobe da awarwaro da agogo ne kawai za a cire, kuma hannu zuwa wuyansa kaɗai za a buɗe.

Za ki zauna ki shimfiɗa tafin hannu a kan tebur ko ɗan matashi. A zuba man nan mai sanyi da yawa, har kan na'urar ya zama kusan a kan man yake yawo ba a kan fata ba. A bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta baya, wani lokaci ta ciki, a ce ki lanƙwasa, ki miƙe. Hannu biyu kan ɗauki kamar minti 15 zuwa 30.

Abu biyu na iya ɓata sakamako. Na farko sanyi: hannun da ya sha iskar hunturu a bayan babur jininsa ya janye, Dofla ba za ta ga gaskiya ba, sai a bari ya yi ɗumi tukun. Na biyu magani. In kina shan diclofenac ko ibuprofen ko prednisolone, ko irin haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda ba suna, ki faɗa wa likita tun ranar da ya rubuta hoton, don suna iya danne kumburin. Shi zai ce a tsaya ko a ci gaba, kada ki yanke da kanki.

Yana da illa?

Babu tururin da ke cikin eksire a tattare da shi. Mai ciki ma ana yi mata, ana kuma iya maimaitawa.

Takardar ta ce an ga kumburi a gaɓoɓi da yawa. Hannun zai mutu ne?

A kwantar da hankali. Maki 1, ko ɗan ruwa kaɗan ba tare da Dofla ba, ana samun sa har a hannun mutanen da ba sa jin ciwon komai. Abin da likita ke ɗaga gira a kai shi ne maki 2 ko 3, musamman tare da Dofla, a gaɓar da ita ce dai ke ciwo. Yawancin masu amosanin yatsu suna ci gaba da amfani da hannunsu har ƙarshen rayuwa, kuma gaɓar kusa da farce sau da yawa zoginta kan lafa bayan ƙullutun ya gama girma, ko da yatsan ya zauna a karkace.

To in an ga kumburi, wane magani ake ba da wa?

A nan ne ake zamewa. A 2019 mujallar The Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Holan kan mutum 92 masu amosanin yatsu da ciwonsu ya taso, kuma sikanin ya tabbatar da kumburi. An ba rabinsu prednisolone miligiram 10 kullum na mako 6. Ciwonsu ya ragu sosai fiye da na sauran. Da aka janye maganin, ciwon ya dawo. Ma'ana yana iya kashe wutar tashi ɗaya, a hannun likita, na ɗan lokaci. Ba maganin zama ba ne.

Dole a nanata wannan a garin da ake sayen prednisolone da dexamethasone a kemis ba takarda, har wasu na sha don ƙiba. Shan su na watanni yana tayar da suga da hawan jini, yana rarake ƙashi, yana kumbura fuska, yana raunana garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe a kansu in ya yanke farat ɗaya yana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Dattijuwar da ke da suga da hawan jini, wadda ita ce ta fi yawan zuwa da amosanin yatsu, ita ce kuma suka fi cutarwa.

An gwada hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin zazzaɓi, a Birtaniya, sakamakon ya fito a 2018: bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, har ga waɗanda sikanin ya ga kumburi a hannunsu. A 2023 wani gwaji a Ostireliya ya sami matsakaicin sauƙi da methotrexate ga masu kumburin da MRI ya tabbatar, amma wannan magani ne mai buƙatar gwajin jini da na hanta a kai a kai, kuma haramun ne ga mai ciki.

Abin da shawarwarin EULAR na 2018 suka sa a gaba ya fi wannan sauƙi da araha: motsa yatsu kullum yadda likitan gashin ƙashi ya koyar, ɗaurin da ke tallafe gindin babban yatsa, da man shafawa mai diclofenac ko makamancinsa kafin a kai ga ƙwaya. Ƙwayoyin kashe zogi irin ibuprofen na ɗan lokaci ne, mai olsa ko ciwon ƙoda ko na zuciya kuma sai da izinin likita. Allurar cikin gaɓa ba a yi wa kowa, sai gaɓar yatsan da ta matsa da ciwo. Sauran dabara ce ta gida: a naɗe mariƙin wuƙa da muciya da tsumma su yi kauri, a ɗauki tukunya da hannu biyu, mai ɗinki ko kitso ta riƙa hutawa tsakani.

Sikanin bai ga komai ba, ni kuwa ciwo nake ji. Ƙarya nake yi kenan?

Ko kusa. Ƙashin da guringuntsinsa ya ƙare yana ciwo ko ba kumburi, ranar hoton kuma tana iya faɗowa lokacin da abin ya lafa. Wani lokacin ma ba gaɓar ba ce. Yatsan da ke maƙalewa sai an ɓalle shi da ɗaya hannun, matsalar jijiyar lanƙwasa ce. Dindiris da jin kamar tafiyar kiyashi a babban yatsa da manuni da na tsakiya, mai tayar da mutum cikin dare, jijiyar saƙo ce ta matsu a wuyan hannu. Duka biyun sun fi yawa ga masu ciwon suga, kuma duka sikanin na iya nuna su idan an ce a duba.

Alwala da ruwan sanyi ko yawan wanki ne suka jawo? Ƙas da yatsu fa?

Ruwan sanyi ba ya cinye guringuntsi. Gaskiya ne da yawa sun fi jin jiki da hunturu, don haka a ɗumama ruwan alwala, a tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe kafin a kama aiki. Aikin da ake matse abu da yatsu shekara da shekaru yana iya ba da tasa gudummawar, amma gado da shekaru sun fi shi nauyi. Ja wa yatsu su yi ƙara kuwa, bincike bai same shi da laifin jawo amosani ba.

Wani ƙurji mai ruwa ya fito kusa da farcen Baba. Wanzami ya ce a tsaga. A bari?

Kada a bari. Wannan ƙunshin ruwa ne mai kauri da ke ɓullowa daga gaɓar ƙarshe mai amosani, har yakan sa farcen ya yi kwari a tsaye. Yana da 'yar hanya da ta haɗa shi da cikin gaɓar, ana iya ganin ta a sikanin. Aska ko allurar da ta huda shi ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa kai tsaye zuwa gaɓa, in kuwa gaɓa ta yi mugunya, aiki ya koma na tiyata. Haka ƙaho ko tsaga a kan kumburarriyar gaɓa, da miƙe karkataccen yatsa da ƙarfi wajen mai ɗori. Ƙullutun ƙashi ne, ba gocewa ba, ja ba ya mayar da shi.

Yaushe ne ba a jiran ranar sikanin?

Idan gaɓa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi ja, ta yi zafi rau, ba ta taɓuwa, musamman da zazzaɓi ko bayan sara ko sukar ƙaya ko cizo, a tafi sashen gaggawa a ranar. Mai ciwon suga kada ya kwana da ita. Jariri ko ƙaramin yaro da bayan hannunsa ko ƙafarsa ya kumbura yana ta kuka, wannan ba amosani ba ne, sau da yawa alamar farko ce ta sikila, a kai shi likitan yara a yi masa gwajin jini.